Sayen Na'ura da Rayar da Ita: Batun Kuɗin Kayan Gwajin Bayofiziks ga Ɗaliban Digirin Farko a Jami'o'in Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake samar da kuɗin kayan gwaji na zamani domin koyar da bayofiziks, wato fannin da ke auna abubuwa masu rai da ma'aunan fiziks, ga ɗaliban digirin farko a jami'o'in gwamnati na Nijeriya. Hujjarta ita ce, tsarin da ake bi yana biyan kuɗin sayen na'ura ya tsaya nan, alhali mafi yawan tsadar na'ura tana zuwa ne bayan an sauke ta daga mota. Maƙalar ta nemi a riƙa auna kowace buƙatar kuɗi da yawan sa'o'in da ɗalibi zai yi da hannunsa a kan na'ura mai aiki, sannan ta amsa sukar da za a iya yi wa wannan ma'auni.

Abin da fannin yake buƙata

Bayofiziks fanni ne da na'ura ta haifa. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ba su kai ga bayanin yadda saƙo ke gudu a cikin jijiya ba, a shekarar 1952, sai da suka sami kayan lantarkin da za su iya riƙe ƙarfin wutar jijiyar wata dabbar teku a inda suke so, su auna abin da ke shiga da fita. Hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a wannan shekarar, da hasken eksire, shi ya ba da awon da aka gina siffar DNA a kansa. Max Perutz ya shafe sama da shekara ashirin kafin ya fitar da siffar himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. A 1986 aka sami na'urori biyu da har yau ake ji da su: madubin da ke laluben saman abu da tsini mai kaifin gaske, wanda Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka ƙera, da kuma hantsakin haske na Arthur Ashkin, wanda ke kama ƙwayar halitta guda da hasken leza ya riƙe ta. Lambar Nobel ta sinadarai ta 2017 ma na'ura aka bai wa, madubin lantarki mai daskarar da samfuri. Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa tambaya takan jira kayan awo, wani lokaci shekaru masu yawa. Saboda haka ɗalibin da ya haddace lissafin fannin bai taɓa auna komai ba, rabin fannin kawai ya sani, kuma rabin da ya fi sauƙi.

A yawancin jami'o'inmu bayofiziks ba shi da sashen kansa. Kwas ne da ake koyarwa a ƙarƙashin fiziks, ko kimiyyar sinadaran jiki, ko ilmin aikin gaɓɓai a kwalejin likitanci. Wannan yana da tasiri a kan kuɗi fiye da yadda ake zato, domin abin da ya zama na kowa ba ya samun mai tsaya masa ranar rabon kasafi. Sashen fiziks zai fara tuna kayan gwajin lantarki na ɗaliban aji ɗaya, waɗanda suka cika ɗaki har taga. Kwalejin likitanci kuma hankalinta yana kan abin da masu tantancewa za su tambaya. Duk da haka, da wuya a sami ƙasar da fannin ya shafa kai tsaye kamar Nijeriya. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa kowace shekara da amosanin jini, wato sikila, a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon. Sikila ita ce cutar da Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa asalinta canji ne a jikin sinadari guda, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin canjin a tsakiyar shekarun 1950: amino asid ɗaya ne ya sauya a gurbi na shida na ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin. Idan iskar oksijin ta bar wannan himogulobin sai ya harhaɗu ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton suka nuna cewa akwai ɗan jinkiri kafin zaruruwan su fara fitowa, kuma tsawon jinkirin yana sauyawa ƙwarai da gaske idan kaurin himogulobin a cikin ƙwayar ya ƙaru ko da kaɗan ne. A nan ne bayanin yake na abin da kowace uwar mai sikila ta sani, cewa ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Wannan duk fiziks ne, kuma ana iya nuna wani sashe nasa da kayan da ba su fi ƙarfin sashen jami'a ba: na'urar auna shan haske tana nuna tudu biyu, a wajen nanomita 541 da 577, idan jini yana ɗauke da oksijin, su narke su koma tudu ɗaya a wajen 555 idan aka cire ta.

Inda kuɗin yake fitowa, da inda yake tsayawa

Babbar rijiyar da jami'o'in gwamnati ke ɗiba domin kayan aiki ita ce asusun TETFund. Asalinsa harajin ilmi ne da aka kafa da dokar soja mai lamba 7 ta 1993, bayan yarjejeniyar da gwamnati ta yi da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1992. Dokar 2011 ta keɓe shi ga manyan makarantu, ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilmi. Harajin ya fara da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, ya koma kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a ta 2023. Ba wanda zai zaga jami'o'inmu ya musa amfanin asusun; sunansa yana jikin gine-gine ko'ina. Sai dai abin da dokar ta ɗora masa shi ne gine-gine, da kayan koyarwa, da bincike da wallafa, da horar da malamai. Albashin ma'aikaci, da kuɗin wuta, da man janareta, da sinadaran da ke ƙarewa kullum, waɗannan suna wuyan mai jami'ar ne, gwamnatin tarayya ko ta jiha, ta hanyar kuɗin gudanarwa wanda kowane shugaban jami'a ke kukan bai isa ba. Ke nan aljihun da ke sayen na'ura daban, aljihun da ke ciyar da ita daban, kuma na biyun a huje yake.

Hoton abin da wannan rabo ke haifarwa yana cikin rahoton kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa domin duba buƙatun jami'o'i, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya shugabanta, ya miƙa a 2012. Abin da jama'a suka fi tunawa a rahoton shi ne risho da aka samu ana amfani da shi a madadin murhun gas na ɗakin gwaji, da kuma darasin gwaji da ake yi a kan allo, malami ya faɗi abin da za a gani da a ce an yi. Rahoton ne ya zama ginshiƙin yajin aikin ASUU na 2013, wanda aka rufe da alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, aka fara da biliyan 200. Sauran kason bai zo yadda aka tsara ba, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga yajin wata takwas na 2022. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da wata takwas na rufe ƙofa ke yi wa kayan gwaji. Batiran na'urar riƙe wuta suna mutuwa, firji ya tsaya da abin da ke cikinsa, damina ta bar hunhuna a jikin gilashin madubi, garantin kamfani kuma ya ci gaba da ƙarewa ko an kunna ko ba a kunna ba.

A ƙara da darajar naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauki misalin na'urar dala 200,000, domin sauƙin lissafi. A farashin farko naira miliyan 92 ce, a na biyu miliyan 300. Masu harkar kayan gwaji sun saba ƙiyasta kuɗin kwantiragin kula da irin wannan na'ura a wajen kashi ɗaya cikin goma na farashinta kowace shekara, wato dala 20,000, wadda ta tashi daga naira miliyan 9.2 ta koma miliyan 30. Kuɗin sayen sau ɗaya ake biya, kuma akwai mai biya. Kuɗin kulawa kowace shekara yake dawowa, da dala, a kan aljihun da ke karɓar naira. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, inda manyan jami'o'i da yawa suka faɗo, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Na'urar maganaɗisu ta NMR ita ce misalin da ya fi tsanani, domin zuciyarta tana zaune ne a cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, wanda ke ƙafewa a hankali, kuma daga waje ake shigo da shi. Idan aka yi sakaci ya ƙare, maganaɗisun zai saki, kuma tayar da shi sai an kira injiniyan kamfani an biya kuɗi masu nauyi. Wanda ya sa hannu a takardar sayen irin wannan ba tare da sanin inda kuɗin hiliyam zai fito ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

Kada a ɗauka wannan giɓi namu ne mu kaɗai. A Amurka, shirin Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa na sayen manyan kayan aiki yana bayar da har dala miliyan 4 a kan na'ura, amma na bincike ne, ba ya ɗaukar kayan da aka nufa domin darasin aji kawai. Wannan ne ya sa malaman ɗakunan gwajin fiziks na can suka kafa ƙungiyar ALPhA a 2007, inda malami ke zuwa ya yi kwana biyu ko uku yana koyon gwaji guda da hannunsa, sannan gidauniyar Jonathan Reichert ta taimaka wa makarantarsa da wani kaso na kuɗin kayan. Abubuwa biyu ne abin lura. Na farko, shirin gwamnatin yana neman jami'a ta rubuta yadda za ta gudanar da na'urar, ta kuma ɗauki alkawarin kula da ita a rubuce kafin a ba ta. Na biyu, a tsarin ƙungiyar malaman horo ne ke zuwa gaba, kaya su biyo baya. Mu kuwa sau da yawa kaya ke riga mai sarrafa su isowa, wani lokaci su riga ɗakin da za a sa su.

Ma'aunin da ya kamata a yi aiki da shi

Idan manufar kuɗin ita ce koyar da ɗaliban digirin farko, to abin da ake saye a zahiri sa'o'i ne: sa'o'in da ɗalibi zai yi yana saita na'ura, yana kuskure, yana gyarawa, yana fitar da adadi da kansa. Lissafin ba shi da wuya. Aji mai ɗalibi 120, na'ura guda, rukuni na mutum huɗu, darasin awa uku: rukuni 30 ke nan, awa 90. Zangon karatu mai mako 15, idan ana shiga sau biyu a mako, zama 30 ne cif. Ma'ana kowane ɗalibi zai kusanci na'urar sau ɗaya a zango, idan ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya, idan kuma masu digiri na biyu da na uku sun haƙura sun bar ta. A cikin mutum huɗun nan ɗaya ne zai taɓa, ukun su rubuta. Da kaso kaɗan na kuɗin za a iya jera ƙananan madubai ashirin da na'urorin auna haske goma, kowane ɗalibi ya zauna a gabansu kowane mako.

Za a ce ƙananan kaya ba sa koyar da babban ilmi. Ga misali ɗaya da ya isa amsa. A ɗiga madara kaɗan a ruwa, a sa ɗigo a kan gilashi, a rufe, a liƙe gefen da jan farce domin kada ruwan ya ƙafe ya ja komai gefe guda. A ƙarƙashin madubi za a ga ƙananan ƙwayoyin mai suna rawa ba tsayawa, saboda ƙwayoyin ruwa da ke dukansu ta kowane ɓangare. Ɗalibi ya ɗauki bidiyo da wayarsa, ya bi ƙwaya guda hoto bayan hoto, ya auna nisan da take yi. Ƙwaya mai faɗin maikiron ɗaya takan kauce kusan maikiron ɗaya da rabi a cikin sakan. Daga wannan, da lissafin da Einstein ya fitar a 1905, ɗalibi zai iya ciro adadin Boltzmann, kamar yadda Jean Perrin ya yi daga 1908, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1926. Darasin gaskiya yana cikin kuskuren da zai yi. Littafinsa ya ba shi kaurin ruwa a digiri 20, amma ɗakin gwaji a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu yana iya kai digiri 35, inda kaurin ruwa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Amsarsa za ta kauce, ya yi ta neman dalili, har ya ɗauko ma'aunin zafi. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya ya fahimci yadda magani ke yaɗuwa a cikin ƙwayar halitta, ya kuma fahimci cewa adadi ba ya zama gaskiya don an buga shi a littafi. Shi ne kuma wanda za a iya bai wa hantsakin haske gobe, domin da irin wannan rawar ake auna ƙarfin hantsakin.

Kayan wannan mataki sun yi araha a shekarun nan fiye da kowane lokaci. Madubin OpenFlexure, wanda Richard Bowman da abokan aikinsa suka tsara a Ingila, ana buga gangar jikinsa da na'urar buga abubuwa ta roba, a haɗa shi da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kuma an ƙera shi an gwada shi a Tanzaniya domin duba jinin zazzaɓin cizon sauro. Akwatin SpikerBox na kamfanin Backyard Brains yana sa ɗalibi ya ji ƙarar saƙon jijiya daga ƙafar kyankyaso, abin da ba ya wuyar samu a wajenmu. Ko hantsakin haske, wanda ake ɗauka kayan manya ne, malaman MIT sun wallafa a 2007 yadda ɗaliban digirin farko za su yi aiki da wanda aka harhaɗa a gida. Fa'idar waɗannan ta wuce araha. Abin da aka harhaɗa a sashe, a sashe ake gyara shi.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofa ga manyan na'urori. Ɗalibin shekarar ƙarshe yana buƙatar ya ga madubin leza mai yanka hoto sala-sala, ya ga yadda ake tace furotin, ya san yadda ɗakin bincike na gaske yake. Wurin irin waɗannan shi ne ɗakin gwaji na tsakiya wanda sassa ke tarayya a kai, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello take da shi a Zariya, ko cibiya ta ƙasa irin ta Sheda da ke kusa da Abuja. Cibiyar BioRTC da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu a 2021, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ta nuna cewa ana iya tsayar da irin wannan wuri nesa da Legas da Abuja, kuma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ta haɗa kayan da horo tun ranar farko. Sharaɗin da wannan maƙala ke nema ɗaya ne: duk na'urar da aka saya da sunan koyarwa, a rubuta a takardar bayar da kuɗin sa'o'i nawa ne a mako na ɗaliban digirin farko, a ajiye rajista, a duba ta kafin a saki kaso na gaba. In ba haka ba, sunan ɗalibai zai sayo na'urar, mabuɗin ɗakin ya kwana a aljihun mutum ɗaya.

Sukar da za a iya yi

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, daga masu nazarin koyarwa take fitowa. Natasha Holmes da Carl Wieman da abokan aikinsu sun wallafa a 2017 sakamakon binciken kwasa-kwasai tara a jami'o'i uku na Amurka, inda suka ga cewa ɗaliban da suka yi darasin gwaji ba su fi waɗanda ba su yi ba a jarrabawar abin da gwajin ya ƙunsa. Mai riƙe da lalitar gwamnati zai iya cewa, to me ya sa za a kashe kuɗi? Amma gwaje-gwajen da suka duba irin na bi-umarni ne, waɗanda aka tsara domin tabbatar da abin da aka riga aka faɗa a lacca. Su kansu masu binciken abin da suka ɗauka daga sakamakon shi ne a mayar da ɗakin gwaji wurin koyon yanke shawara: me zan auna, sau nawa, yaushe zan yarda da adadin. Wannan kuwa sai ɗalibi yana da na'urar da aka yarda ya taɓa, da lokacin da zai maimaita. Binciken ya rushe hujjar babbar na'ura guda da ake nuna wa ɗalibai daga nesa, ya ƙarfafa hujjar ƙanana masu yawa.

Suka ta biyu ita ce kwamfuta ta wadatar. Rumbun siffofin furotin na duniya, wanda aka kafa a 1971, yana ɗauke da siffofi sama da 200,000 kyauta, kuma AlphaFold, wanda ya kai masu shi ga lambar Nobel a 2024, yana hasashen siffar furotin cikin ɗan lokaci. Gaskiya ne, kuma ya kamata kowane sashe ya ci gajiyar wannan tun yau, tunda kuɗinsa intanet ne da wuta. Sai dai AlphaFold daga siffofin da mutane suka auna a ɗakin gwaji ya koya, kuma wanda bai taɓa ganin yadda awo ke karkacewa ba ba zai san lokacin da kwamfuta ta yi masa ƙarya ba.

Suka ta uku ta shafi martaba, kuma ba a raina ta. Wasu za su ce wannan shawara ce ta mu haƙura da ƙananan kaya, manyan kuma mu bar wa Turai. Har yau babu na'urar sinkirotiron ko ɗaya a nahiyar Afirka, alhali an buɗe ɗaya, SESAME, a Jodan a 2017, kuma tun taron Grenoble na 2015 ake fafutukar samar da ta Afirka. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karanta cikakken tsarin ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020, kuma da manyan kaya ta yi. Buri mai girma halak ne. Amma a dubi abin da ya riƙe wuraren da suka ɗore. Injin nukiliya na bincike da ke cibiyar CERT a Zariya yana aiki tun 2004, har aka sauya masa makamashi a 2018, domin akwai ma'aikata horarru da aka keɓe masa, da hukumar da ke sa ido, da ƙa'idar kulawa da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kai. ACEGID kuma ta taso ne a cikin shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa da aka fara a 2014, wanda ke sakin kuɗi gwargwadon sakamakon da aka nuna. Babu ɗaya a cikinsu da ya tsaya a kan sayayya kawai. Kuma ranar da Afirka ta sami sinkirotiron ɗinta, waɗanda za su yi aiki da ita su ne yaran da yau suke aji biyu. In ba su koyi awo yanzu ba, baƙi za a ɗauko.

Akwai kuma batun kyautar kaya daga waje, irin wadda ƙungiyoyin Seeding Labs da TReND in Africa suke shiryawa. Da babu gara ba daɗi, kuma waɗannan biyun suna tantance mai karɓa, suna haɗawa da horo. Amma kyauta kuɗin saye kawai take ɗauke wa jami'a. Fiton tashar ruwa, da taransifoma idan na'urar ta wutar bolt 110 ce, da kayan gyaran samfurin da kamfani ya daina yi, duk suna nan suna jira.

Abin da ya rage shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi a duk wannan magana, wato masanin fasahar ɗakin gwaji. Shi ne yake sanin cewa ƙurar hunturu ta shiga matatar na'ura, shi ke jin sauyin ƙarar famfo kafin ya ƙone, shi ke zama da ɗalibai bayan malami ya tafi taro. Idan aka sayi na'ura, sau da yawa wanda ake turawa horo a kamfanin shi ne malami mai babban muƙami, wanda ba shi zai kunna ta kullum ba. An bar jaki ana dukan taiki. Kuɗin horar da masu fasaha biyu, domin kada tafiyar ɗaya ta rufe ɗakin, bai wuce kashi kaɗan na farashin na'urar ba, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne dawo da riba. Haka batun wuta: tashar hasken rana mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero a 2019 ta nuna abin da ake iya yi a babban mataki, amma ɗakin gwaji ɗaya ba ya buƙatar jiran irin wannan. Faifan sola da batira da inbata na ɗakin kaɗai ya kamata su shiga cikin farashin na'urar tun a takardar neman kuɗi, kamar yadda igiyar wutarta take shiga.

Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka babu abin da ya hana sassan fiziks da na kimiyyar jiki su haɗu su gina kwas ɗin gwaji guda a kan jini, da jijiya, da yaɗuwar sinadari. Roƙon wannan maƙala ga shugabannin tsangayoyin kimiyya, da wakilan asusun TETFund, shi ne a sauya fom ɗin neman kuɗin kayan gwaji. A ƙara masa gurbin kuɗin kulawa na shekara biyar, wanda za a ware tun farko a riƙa saki shekara-shekara. A ƙara gurbin sunayen masu fasaha biyu da za a horar kafin kaya su iso. A ƙara gurbin sa'o'in ɗaliban digirin farko a kowane mako. Masu zuwa tantancewa kuma, idan aka kai su gaban na'ura, su ce a kunna, su nemi rajistar waɗanda suka yi aiki da ita a zangon da ya wuce.